Rigar Sallar Ɗan Kanta

Litinin, 18 ga Zulƙida, shekarar Nasara 1946. Hantsi.

Kayen nan, wato littafin rubutun nan, sarsanmu na soja ya ba ni ranar da aka sallame mu. Ya ce, "Shu'aibu, tunda ka iya ɗinki ka iya rubutu, riƙa rubuta awon mutane kada ka manta." Awo na gaba, bayan kayen nawa ne. Ba mai karatun boko a gidanmu, don haka ba mai gani.

Wata bakwai ke nan da dawowata Madarunfa daga soja. Da kuɗin sallama na sayo keken ɗinki a Maraɗi, na kafa shi a zaure. Saura kwana ashirin da biyu Babbar Sallah, aiki tara ke cikin akwati, kowa ya ba da rabin kuɗin ɗinki. Rago na ɗaure a tsakar gida, matata Turai na ba shi harawar wake. Shekara biyar ta jira ni. Ta ce bana ce Sallarta ta fari.

Aiki na goma ya zo yau da safe. Wani tsoho ne daga Safo, Kanta sunansa, ba ya salla, irin mutanen dā, masu yanka wa tsafin gida. Ya sauke ƙulli daga kan jaki, sai da ya kwance tsumma uku kafin farin yadin ya fito. Alawayyo, kamu goma sha biyu. Rabon da in ga irinsa tun kafin yaƙi.

"Tela, akuya biyu da buhun wake ne kake gani," in ji shi. "Ɗana Garba ya shiga addininku da damina. Bana zai tahi idi karon fari. Ni ban san abin da ake faɗi can ba, amma ba ni son a gane shi daga riga."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda ba mai gane shi."

"Ba ni da wani bayan wanga," ya ce. Ban tambaya ba ko alawayyon yake nufi ko ɗan.

Litinin ɗin, bayan la'asar.

Na biya ta rumfar Ɗan Azumi mai bandar kifi, a bakin tabki. Tun da gero ya shiga rumbu ake zama a bayanta, ana karta. Kallo kawai na yi.

Talata, 19. Magariba.

Kallo kawai. Sai hannu biyu na karta.

Laraba, 20. Bayan la'asar.

Dala arba'in na taso da su. Na sayo wa Inna goro, na sayo wa Turai turare da tsire. Ta sunsuna turaren, ta ce, "Wa ya biya yau?" Na ce mai wando. Ta ce, "Wandon da ke rataye ba ƙafa ɗaya?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Abin da ban iya gaya mata: tun da na dawo akwai ƙara a kaina. Ba murya ba ce. Kamar injin jirgin ruwa, daga ƙasa, ba tsayawa. In ina taka keke tana nan, in ina salla tana nan. Amma in aka fara raba karta, daga ta fari har ta ƙarshe ta faɗi kan tabarma, shiru nake ji. Irin shirun gonarmu kafin a ɗauke ni. Hamisu ne ya koya mini wasan a bariki. Ba zan yi maganar Hamisu ba.

Juma'a, 22. Bayan masallaci.

Arba'in ɗin sun koma inda suka fito. Kuɗin ɗinkin mutane sun bi su. Ba komai, rabin da ya rage zai shigo ranar karɓar kaya. Zare kawai nake bukata, kuma akwai saura.

Asabar, 23. Hantsi.

Ban yi barci ba. Na ɗinka hannun rigar liman a bai-bai, na farke, na sāke ɗinka shi a bai-bai. Inna ta leƙo zaure ta daɗe tana kallona, ta ce, "Soja, ka ci abinci?" Na ce na ci. Ƙwaryar furar na bayan akwati, ƙudaje sun rufe ta.

Litinin, 25. Magariba.

Na gaya wa Turai na kai rago wurin Fulanin bayan gari ya ƙara ƙiba kafin Sallah. Ta tattara harawar da ta rage ta ɗora kan rumbu. Igiyar ta bar ta a jikin turke.

Talata, 26.

Saura kaɗan. Da kati ɗaya ya zo, da komai ya dawo. Kati ɗaya.

Laraba, 27. Azahar.

Turai ta je sayen kifi ta ga ragon ɗaure a gindin rumfar Ɗan Azumi. Ta ce ya gane ta, ya yi kuka.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shigo zaure ta zauna a ƙasa, inda masu kawo ɗinki ke zama.

"Maigida, caca kake yi."

Ban taɓa rubuta kalmar nan ba sai yau da ta faɗe ta. Na ce wasa ne na maza, ba ta san kansa ba.

"Na san kan rago," ta ce. "Ni na yi wata biyu ina ba shi dusa da hannuna. Lokacin da ba ka nan, mutane sun ce ka mutu, kawuna ya zo sau uku in koma gida, na ƙi. Ban jira ka don rago ba. Amma ka dube ni ka ce Fulani."

Na ce zan dawo da shi. Ta ce, "Da mi?"

Sai na ji ina yi mata tsawa da Faransanci, kalmomin da ake yi mana a fareti. Ba ta san ma'anarsu ba. Ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta shiga ciki. Har la'asar ban iya zura zare a allura ba.

Alhamis, 28. Asuba.

Na dafa Alƙur'anin marigayi Babana a gaban Inna da Turai, na rantse ba ni sāke taka bakin tabki. Inna ta yi kuka. Ta ce duk kuɗin da ya shigo in ba ta ta ɗaure a bakin zane. Na yarda.

Juma'a, 29. Magariba.

Kwana biyu ina kan keke tun fitowar rana. Rigar liman ta fita, wanduna biyu sun fita. Turai ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, ta zauna tana ɓare mini ina ci. Ta ce layya ba dole ba ce ga wanda bai da hali, malam ya faɗa. Ta ce mu yanka zakara, mu biyu da Inna ya ishe mu. Har ta yi dariya da na ɗaura mata ragowar ƙyalle a kai.

Gobe in yanka na Kanta, da awon da tsohon ya kwatanta mini. Na fiddo shi na shimfiɗa, na mayar. Ina son hannuna ya daina rawa tukuna.

Lahadi, 1 ga Zulhajji. Hantsi.

Jiya da magariba aka ga wata. Maharba suka saki bindigogi a ƙofar fada, makaɗa suka ɗauka. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a ƙarƙashin rumbu, bakina cike da ƙasa. Turai na riƙe da ƙafata tana cewa, "Wata ne aka gani, wata ne." Matan maƙwabta na leƙe ta kan danga.

Yau duk wanda ya wuce zaure sai ya gaishe ni a hankali, kamar mai jinya. Yara na gwada kiɗan Sallah a kan gwangwani tun safe. Kowa na murna. Ƙarar ta kai har haƙorana.

Litinin, 2. Azahar.

Inna ta hana ni kuɗi, kamar yadda muka yi. Na roƙe ta, na ce na zare ne. Ta ce in faɗi kalar, ita za ta sayo.

Litinin ɗin, la'asar.

Zan fita da alawayyon in nuna wa wani. Nunawa kawai.

Talata, 3.

Ba ya cikin akwati.

Laraba, 4.

Na buɗe akwatin sau bakwai yau.

Alhamis, 5. Bayan azahar.

Kanta ya zo da ɗansa a gwada awo. Garba dogo ne, magidanci, yana da 'ya'ya biyu, amma a zaurena sai sunkuyar da kai yake kamar sabon ango. Ya yi sallama da ƙarfi, a hankali, yana bin kalmomin ɗaya-ɗaya, ya dube ni ya ga ko ya faɗa daidai. Na amsa masa.

Na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo, na rubuta a gaban kayen nan. Kanta ya ce, "Tela, a nuna mishi farin mana, bai gan shi da rana ba." Na ce na kai wa mai aikin wuya ya zana surfani, ranar jajibere su zo su karɓa.

"Har da surfani?" Tsohon ya bugi cinyar ɗansa. "Ka ji, har da surfani!"

Garba ya tambaye ni a ɓoye ko in mutum ya yi kuskuren kabbara a idi ana korarsa. Na ce ba a kora, ya dubi na kusa da shi ya yi yadda ya yi. Ya ce, "To zan tsaya kusa da kai, Malam."

Sun bar mini tiya biyu ta wake. Turai ta ji komai daga bayan zana. Ta ƙi taɓa waken.

Juma'a, 6. Magariba.

Ban je masallaci ba. Na je wurin Ɗan Azumi lokacin da babu kowa, yana juya kifi kan wuta. Na durƙusa. Ni da na tsaya a gaban kumandan ban durƙusa ba. Na gaya masa na wane ne, da akuya biyun, da komai. Na ce in biya shi bayan Sallah.

"Soja, ni na kira ka?" ya ce. "Ko sau ɗaya na taɓa aika maka? Da ƙafarka ka zo, da hannunka ka aje. Da kai ka ci, da ka maido mini kuɗina don ina da iyali?"

Gaskiya ya faɗa.

Ya goge hannu, ya ce akwai hanya ɗaya. Alawayyo da rago a gefe guda, keke a gefe guda. Hannu uku.

Na so in ce na tashi. Na zauna. Ya fara rabawa, shirun ya sauko, kuma wallahi na ji daɗinsa. Wannan ne abin da ban iya yafe wa kaina, ba faɗuwar ba. Na ci na fari.

Asabar, 7. Hantsi.

Ya ce shi ba azzalumi ba ne. Ya bar mini keken har jajibere in gama aikin mutane, da sharaɗi ɗaya. Ya kawo alawayyon da kansa, ya tsaya a zaure ya buɗe hannuwa, na auna shi. Gajere ne, mai tumbi. Na rubuta awonsa a ƙarƙashin na Garba.

Lahadi, 8. La'asar.

Na yanka. Kamu uku sun yi saura, ya ce a yi masa hula da aljihu biyu. Ban taɓa ɗinkin da ya fita kamar wannan ba. Hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ban san dalili ba.

Sauran aikin mutane ban gama ba. Mutum huɗu sun zo sun kwashe ƙyallensu a yanke. Ɗaya ya tofa yawu a bakin zaure.

Litinin, 9, jajibere. Bayan magariba.

Da hantsi suka zo da amalanke suka ɗauki keken. Ƙafafunsa sun bar rami huɗu a daɓen zaure.

Da azahar na ji kukan jaki, na ji sallamar nan mai bin kalmomi ɗaya-ɗaya. Na shiga ɗakin Inna na kwanta a bayan gado. Ni, mai shekara talatin da ɗaya.

Turai ce ta fita. Ina jin ta. Ba ta rage komai ba, ba ta ƙara ba. Ta ce, "Baba, maigidana ya ci amanarku. Alawayyonku ya tafi a caca. Yana ciki, kunya ta hana shi fitowa. Ni ba ni da abin ba ku sai tasoshin aurena, ga su."

Sai Kanta ya ce, "Ɗiyata, mai da tasoshinki. Ba a sa tasa a tahi idi."

Inna ta tsallake ni kamar ba ta gan ni ba, ta buɗe adudu, ta fiddo rigar Babana, shuɗiyar saƙi da ta ajiye mini in sa gobe. Ta fita da ita. Na ji tana cewa, "Ta malami ce, ta je idi sau talatin. Ta san hanya." Garba ya ce wani abu ban ji ba.

Da suka tafi ba wanda ya kira ni. Na fito da kaina da rana ta faɗi.

Talata, 10. Ranar Sallah. Hantsi.

Ina jin kabbara daga nan. Na rufe ƙofar zaure.

Ranar Sallah, la'asar.

Maƙwabta sun fara aiko nama. Kowane ƙoƙo ya shigo, Turai ta yi godiya, ta ajiye, ba ta kallona. Garin duk hayaƙin gashi. Zakaran ma ba mu yanka ba.

Kanta ya tura ƙofar zaure ya shigo ba sallama. Ya ce ya raka ɗansa har bakin filin idi, ya tsaya daga nesa gindin gawo, tunda shi ba ya shiga. Ya ga Garba a sahu na uku, ya duƙa lokacin da aka duƙa, ya tashi lokacin da aka tashi. Rigar ta yi masa gajarta kaɗan.

"Ya yi ta waige yana nemanka," ya ce.

Na ce, "Baba, ka kai ni wurin alkali. Ko ka buge ni."

Ya dubi ramukan ƙafar keke. "Na ga ɗayar ma, a sahun gaba. Mai kifi ke sanye da ita. Ɗinkin ya yi kyau, Tela. Ashe ka iya."

Ya fita, ya ja mini ƙofar a hankali.

Ranar Sallah, kafin magariba.

Zafi ya yi yawa. Zan je tabki in yi wanka. Turai, in wani ya karanta miki wannan, almakashi da sauran zare naki ne, ki sayar.

Lahadi, 15. Hantsi. Gidan Kawu, ɗan'uwan Inna, bayan Gabi.

Sun ce Yahaya masunci ne ya fiddo ni daga tabki. Na ce musu wanka na je yi. Kawu ya ce, "Da riga da wando da takalmin soja?" Bai sāke tambaya ba.

A kan amalanke aka kawo ni. Ban tuna hanyar ba. Ɗakin da aka ba ni ba ƙyaure, kuma na lura an kwashe igiyoyi da lauje daga cikinsa. Da safe malam na kawo rubutu in sha. Da yamma wata tsohuwa da Inna ta kira tana yi mini turare tana magana da waɗanda ban gani. Kawu ya ce in an gama yankan dawa zai kai ni wurin lokotoro, likitan asibiti, a Maraɗi, ya ji ana duba tsoffin soja. Duk wanda ya miƙo nasa, karɓa nake.

Talata, 17. Azahar.

Turai ta zo jiya, a ƙasa, da ƙullin kayanta a kai. Na ce ban zaci ganinta ba.

"Ban zo don na yafe ba," ta ce. "Inna ba ta iya dakan gida biyu. Kuma ina da ciki wata uku. Na so in gaya maka ranar Sallah."

Na kama bango. Ta ce in ci tuwon tun da zafi.

Alhamis, 19. Magariba.

Yankan dawa tun safe. In jiki ya gaji ƙarar na raguwa, ba ta tafiya. Na gaya wa Kawu in na samu ƙarfi zan je Safo in yi wa Kanta noma damina biyu. Ya ce, "Ka bari sai ka yi, sannan ka faɗa."

Asabar, 21.

Na yi barci har rana ta fito. Karon fari tun watan jiya.

Litinin, 23. Bayan la'asar.

Gishiri ya ƙare. Gobe kasuwar ƙauyen gaba ke ci. Kawu ya kwance dala biyu ya riƙe a hannu yana duban wanda zai aika. Turai ta ce ita za ta je. Na ce mace mai ciki ba ta yin wannan tafiya cikin rana, ni zan je.

Inna ta ci gaba da tsince wake.

"Akwai masu zaman karta a bayan rumfar mahauta," in ji Kawu. "Ka sani?"

Na ce na sani. Na ce ba za a tsare ni a ɗaki har in tsufa ba, wata rana dole in riƙe kuɗi, ga ɗa na zuwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa mini su a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kansu.

Turai ta bi ni har bakin ɗaki. "Maigida, na dala biyu," ta ce.

Talata, 24. Magariba.

Na dawo kafin la'asar. Na kawo gishirin. Turai ta karɓa, ta ɗaga ƙullin a hannunta, ta sāke ɗagawa. Ta juye a tulu.

Na dala ɗaya ne.